Ajin Da Ya Haddace Girar Malam

Ranar da sufeto zai zo duba makarantar, ranar ce rina ta zaɓa ta harbi malamin lissafi a goshi, daidai inda girarsa biyu suke haɗuwa. Ya shiga rumfar da ke bayan gidansa ne zai fito da kekensa, ya sa rigarsa mai guga, ya fesa turare har yana tari. Da alama turaren ne bai yi wa rinar ba. Kafin ya tura keken zuwa bakin layi goshin ya tashi. Kafin ya kai ƙofar makaranta idanunsa sun koma kamar an tsaga su da reza, fuskar ta yi sumul tana sheƙi, ba ka gane fushi a cikinta balle murmushi. Telan da shagonsa ke jikin gidan Malam ya rantse mana cewa da Malam ya zo wucewa sai da ya yi masa sannu da zuwa, ya ɗauka baƙo ne.

Hedimasta na ganinsa ya dafe kai.

"Malam, yau? Yau ɗin nan?"

"Ranka ya daɗe, ba ni na gayyace ta ba."

Ba yadda za a yi a canza. Ajin Malam shi ne ajin nunawa baƙi. Shekara da shekaru yana riƙe da aji huɗu, yaransa ba sa faɗuwa, shi ya sa bana aka ɗaga shi aka ba shi aji shida, tsofaffin yaransa na aji huɗu, masu shirin jarrabawar shiga sakandare. Sufeton, wani dogon mutum mai tabarau, ya ja kujera ya zauna a bayan aji. Malam ya lalubi allo ya rubuta: tamanin da huɗu a raba gida bakwai. Ya nuna 'yar tela, wadda kowa ke kira Ta Ɗaya saboda a hannunsa ba ta taɓa yin ta biyu ba.

Ta miƙe da ƙarfin gwiwarta. "Goma," in ji ta, ta zuba wa fuskar Malam ido.

Fuska ba ta motsa ba.

"Sha biyar?"

Nan ma ba ta motsa ba.

"Sha ɗaya? Sha biyu? Sha uku?"

Ta bi ta kan amsar ta wuce, ko waiwaye ba ta yi ba. Ta hau har ashirin, ta gangaro takwas, sauran yara suka kama taya ta, kowa na jefo tasa lamba kamar masu gwanjo. Can yarinyar ta tsaya ta ce, "Malam, to ai ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Ke na tambaya."

"Girarka, Malam. In daidai ne duka biyun suna hawa sama. In an yi yawa ta hagu ce ke sauka, in an yi kaɗan ta dama. Yau duk sun kumbura, ya za mu yi?"

Aji gaba ɗaya ya gyaɗa kai. Ba mai dariya a cikinsu, don su a wurinsu haka ake lissafi. Sufeto ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a hankali, "Allah ya ba girar lafiya, Malam, tunda ita ke riƙe da ajin."

Daga ranar unguwa ta sa masa Malam Gira, kuma tela ne ya raɗa sunan.

Gaskiya mu maƙwabta bai kamata abin ya zo mana da mamaki ba. Malam mutum ne da fuskarsa ba ta iya riƙe sirri. Ba a wasan karta da shi sau biyu, don tausayi yake ba mutum: in ya ja mai kyau sai goshin ya yi haske kamar an kunna fitila. Matarsa ba ta taɓa tambayarsa ko gishiri ya ji ba, girarsa kawai take kallo ta koma ta gyara. In ya ce wa mai kanti kaya sun yi tsada alhali yana so, mai kanti ba ya ko tanka masa, sai ya fara ƙunshewa. Kowa a layin ya san karatun fuskar nan. Ba wanda ya taɓa tunanin yara ma za su iya, kuma su da suke kallonsa daga safe har azahar sun fi mu ƙwarewa.

Asalin abin yana da nisa. Malam ya taso a hannun wani malami mai rula ta katako, wanda in ka yi kuskure sai ya ɗaga littafinka sama ya karanta wa aji da muryar mata, sannan ya ce ka juyo bayan hannu. Har yau in Malam zai karɓi abu, tafin hannu yake miƙawa, ba ya son a ga bayan. Ranar da ya fara koyarwa ya yi wa kansa alkawari: ba yaron da zai ji kalmar "ba daidai ba" daga bakinsa. Ya kuma cika alkawarin. Bakin ya yi shiru, fuska ta karɓi aikin ba tare da ta nemi izini ba. Ko gwaji ya ba su na rubutawa, shi ke zagawa tsakanin bencina hannu a baya, yana leƙa takarda. Yaro ya rubuta amsa, ya saci kallo, ya ga ta hagu ta sauka, ya sa kilina ya goge ya rage. Ya sake kallo, ya ga duka sun hau, ya ajiye fensir. Kafin Malam ya karɓi takardu kowace amsa ta yi kyau. Yana zuba maki da jan biro yana jin daɗi, iyaye na sa masa albarka.

Kumburin ya sauka cikin mako. Abin da ke cikin ransa ne bai sauka ba.

Ya daina zama a bencin ƙofar gida. In ya dawo sai ya jingine keke ya shige. Matarsa ta ce yana zaune a tsakar gida yana lissafa sunayen yaran da suka bi ta hannunsa, yana tambayar kansa wanne ya iya, wanne kallo kawai ya iya. Akwai wanda yanzu yake awo a shagon gilashi, akwai wadda ke ba da magani a kemis. Wannan ta kemis ɗin ita ta fi hana shi sukuni.

"Sai ka ci abinci dai," in ji matarsa. "Ba kashe kowa ka yi ba."

"Kin tabbata?"

Sai kuma maganar malamar aji biyar. Duk yaran da ya yaye daga aji huɗu hannunta suke faɗawa, kuma duk shekara sai makinsu ya zube. An sha kiranta ofis. An sha cewa Malam ya gina ta rushe. Shi kansa ya taɓa ba ta shawara a gaban mutane, cikin tausasa murya, cewa ta riƙa jan yara a jiki. Da ya tuna wannan sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Amma abin da ya fi tsaya masa a wuya 'yar tela ce. Uban ya riga ya gaya wa duk wanda ya kawo ɗinki cewa Ta Ɗaya za ta ci jarrabawar makarantar 'yan mata ta kwana. Ya yanka mata yunifom ɗin tun kafin a rubuta, ya rataye a shago cikin leda, ya bar masa kalmasa mai faɗi don in ta ƙara tsawo a sake. Kullum Malam zai fita sai ya ga rigar nan tana lilo. A ɗakin jarrabawar kuwa baƙo ne zai tsaya musu, kuma girar baƙo ba ruwanta da tamanin a raba gida bakwai.

Dabarar farko da ta zo masa ita ce ya ɓoye fuskar. Ya riƙa yin tambaya yana kallon allo, ya ba su baya. Kwana kaɗan amsoshi suka dawo daidai. Ya yi murna, har ya gaya wa matarsa. Sai wani yaro ya tona: kafaɗa ce. In daidai ne tana sauka, in kuskure ne tana ɗagewa ta taɓa kunne. Ya sayo baƙin tabarau mai faɗi, ya ja hula har ta rufe goshi, ya ƙame kamar soja. Tela na ganinsa ya ajiye almakashi ya fito bakin shago.

"Malam Gira, makanta ce ta zo, ko fim za a fara?"

Malam bai kula shi ba. Wannan karon dabarar ta yi aiki, yara ba su ga komai ba. Sai dai ba su kuma koyi komai ba. Suna ba da amsa, yana tsaye kamar gunki, ba su san sun dace ba, ba su san sun ɓata ba. Masu ɗaga hannu suka daina. Ta Ɗaya ta koma kallon taga.

Matarsa ce ta gaji. Tana shanya kaya a igiya, ba ta ko juyo ba ta ce, "Ni dai ban gane ba. Ka rufe ido, ka rufe goshi, saura ka shiga buhu. Bakin kuma na mene ne? Ado?"

Washegari lokacin tara, yara sun fita, ya tafi aji biyar. Malamar na zaune tana duba littattafai. Ya yi sallama, ya tsaya yana juya hula a hannu, ya shirya dogon jawabi tun a hanya, amma abin da ya fito shi ne, "Malama, ashe ba laifinki ba ne."

Ba ta ɗago ba. "Na sani."

"Kin sani?"

"Tun shekarar farko. Yara su zo min suna kallon goshina kamar a nan aka rubuta darasi. Na ɗauka wani abu ne ya maƙale min, har madubi na sayo."

"Me ya hana ki faɗa min?"

Nan ta ɗago ta dube shi. "Na faɗa wa wa? Wanda ya ce in riƙa jan yara a jiki?"

Ya dubi hular da ke hannunsa. Girar duka biyu suka sauka tare, abin da ko yaran ba su da fassararsa. Ko wannan ne ya sa ta sassauto, oho. Ta tura masa littafin da ke gabanta. Shafin duk kaca-kaca, an soke nan an soke can, a gefe ta yi ɗan rubutu da jan biro.

"Ni ba na barin su goge," in ji ta. "In ya goge me zan gani? Kai amsa kake kallo. Ni hanyar da ya bi nake nema, don a nan ya ɓata. Ka daina tambayarsu nawa ne. Ka tambaye su ta ina suka bi."

Bai samu ya ce ta yafe masa ba, aka buga ƙararrawa. Ita ma ba ta nuna tana jira ba.

Da yara suka dawo ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ya tuɓe hula ya bi benci benci yana cewa kowa ya jefa kilinarsa a ciki. Wasu har da ta ajiya a cikin safa. Ya juye su a durowa ya kulle. Sannan ya mai da su baya, zuwa lissafin da ya kamata a ce sun gama da shi tun aji uku, ya rubuta hamsin da biyu a cire sha bakwai, ya fita ya tsaya a baranda har suka gama.

Takardar Ta Ɗaya ya fara ɗauka. Ta rubuta arba'in da biyar. Ya ji girar hagu na shirin sauka, ya sa yatsa ya danne ta. Ya ja benci ya zauna kusa da ita, abin da bai taɓa yi ba.

"Ta ina kika bi?"

Ta dube shi, ta dubi yatsan da ke kan goshinsa. "Talatin da biyar?" ta ce, tana gwadawa.

"Ban tambaye ki wata amsa ba. Wannan da kika rubuta, nuna min yadda kika yi."

Ta nuna da bakin fensir. Biyu a sama, bakwai a ƙasa. Biyu ba za ta ba da bakwai ba, don haka sai ta juya su, ta cire biyu daga bakwai, biyar. Biyar a cire ɗaya, huɗu. Ya ba ta wani, ta yi haka. Ya ba ta na uku, haka. Ba shirme take yi ba, doka ce ta kafa wa kanta tun tana ƙarama, tana binta tsakani da Allah, kuma shi bai taɓa gani ba, saboda kafin a duba ta riga ta goge ta rage goma. Yarinyar nan kaifin kanta ya isa ta haddace motsin fuskar mutum har ta raba hagu da dama. Shekarun da ta yi tana wannan, da aron goma a ɗebewa aka koya mata da tuni ta wuce nan.

Yanzu saura ya faɗa. Ya buɗe baki ya ji kamar rular nan ce a hannunsa.

"Ba daidai ba ne," in ji shi. Yara suka dubi juna, don ba su taɓa jin kalmar a ɗakin nan ba. "Amma saurara. Kin jera su daidai. Kin fara daga dama, daidai. Kin gane biyu ba za ta ba da bakwai ba, wannan ma daidai. Wuri ɗaya kika ɓata, nan, inda kika juya su. Ba a juyawa. Maƙwabciya ake shiga a aro goma."

Hawaye ya riga ya ɗigo a kan takardar. "Malam, to ni ba ta ɗaya ba ce?"

Da can ne da girar ta ba ta amsa mai daɗi. Ya danne ta da kyau. "Ban sani ba tukuna. Ni ma yau na fara dubawa. Kuma ba ke kika jawo ba, ni ne. Share fuska ki aro goman nan mu gani."

Ta ara. Ta soke biyar ta mai da ita huɗu, biyu ta zama sha biyu. Da ta kai ƙarshe ta ɗago za ta kalle shi, ya ce, "Kar ki kalle ni. Haɗa amsarki da sha bakwai, in ta koma hamsin da biyu ita za ta gaya miki." Ta haɗa. Ta daɗe tana kallon takardar. Ba ta ɗago ba.

Haka aka ci gaba, kuma ba daɗi. Littattafan ajin suka koma kaca-kaca. Malam ya riƙa dawowa da su a ɗaure bayan keke, ya baje a tabarma da la'asar, kowane shafi sai ya bi layi layi ya zagaye inda ƙafa ta zame ya rubuta ɗan bayani. Jan biro da ke yi masa zango guda yanzu ba ya kai wata. Wasu yaran suka kama, wasu har yanzu sai sun saci kallon goshin, shi kuwa ya kan manta ya saki yatsa. Lokacin jarrabawa na matsowa, kuma shi ya fi kowa sanin ramin da ya haƙa ya fi ƙarfin 'yan watanni. Hedimasta ya daina kawo baƙi ajin. Rigar da ke cikin leda tana nan tana lilo.

Ranar da aka raba sakamakon gwajin wata, Malam ya dawo da yamma yana tura keke. Muna zaune a bencin ƙofar shago. Tela ya fito da takarda a hannu, tef rataye a wuya, ya tare hanya. Wannan karon ba da wasa ya fara ba.

"Malam Gira, tsaya. Mene ne wannan?"

"Sakamako ne."

"Na ga sakamako ne, ai ko ban yi boko ba na san huɗu. Huɗu cikin goma! Yarinyar da in dai tana hannunka goma take kawowa. Jiya har dare tana ƙirga yatsu tana magana ita kaɗai, wai tana aro. Aro a gidana! Uwarta ta ɗauka aljanu ne. Ka dubi takardar nan, duk ka cika ta da ja kamar an yanka kaza a kai."

"Ka karanta abin da na rubuta a ƙasa?"

"An karanta min. Wai ta iya ɗebewa yanzu, saura rabawa. Sai yanzu ta iya ɗebewa? To da me take yi, rawa?"

Malam ya sunkuyar da kai. Muna ganin kunyar na hawa masa daga wuya zuwa kunne. Ta Ɗaya na tsaye a bayan keken ɗinki, ta leƙo, fensir a bayan kunne irin na ubanta. Tela ya ga ya samu wuri, ya juyo wajenmu don ya tara jama'a.

"Jama'a ku taya ni gani. Malami lafiyayye, yara na cin goma, rana ɗaya ya bi ya ƙwace kilina kamar ɗan sanda. Ni dai ka dawo min da 'yata yadda na ba ka ita. Goma na sani, goma nake so."

Malam ya jingine keken a jikin bango. Ya karɓi takardar, ya miƙe inda ta lanƙwashe, ya mayar masa a hannu.

"Maƙwabci, waccan goman da kake taƙama da ita ni na ci, ba ita ba. Wannan huɗun kuwa nata ne, ko ɗaya ban taya ta ba, ka riƙe su da kyau. In kuma lallai goma kake so, ga ka ga keken ɗinki: ƙara wa rigar can aljihu mai faɗi, ranar jarrabawa in shiga ta tafi da ni."